Ganyen da Na Gicciya a Hanyar Papa

Nguna,
6 ga Maris, 1989

Zuwa ga maigidana, Baban Leiwia,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya. Yaya aiki, yaya Noumea, yaya kuma bayan nan naka da ka ce yana damunka in kun yini ɗaukar siminti? Mu nan lafiya lau. Leiwia ta koma makaranta, doya ta yi kyau bana, uwar aladen nan mai baƙin kunne ta haifi bakwai, ta kwanta a kan ɗaya. Fasto yana gaishe ka.

To, na gama labarin da ake karanta wa mutane. Sauran ka karanta kai kaɗai, kada ka ɗaga murya a gaban abokan ɗakinka kamar yadda ka saba.

Mahaifinka ba shi da lafiya, kuma ba ciwon ƙirji ba ne kamar yadda na rubuta maka a watan Nuwamba. Ƙarya na yi maka. Ƙirjin Papa ya fi nawa ƙarfi. Gigin tsufa ne ya kama shi. Wata Laraba, ba da daɗewa ba bayan tafiyarka, ya fito da farar rigarsa ta coci da Littafi a hammata, yana yi mini faɗa wai na makarar da shi. Na yi dariya, na ɗauka tsokana ce. Bayan sati biyu muka je gona, ya tsaya a kan kunyar doyar da ya shuka da hannunsa, ya ce, "'Yata, gonar wa muka shigo? Mu fita kafin mai ita ya zo." Ranar ban yi dariya ba.

Tun daga lokacin nake rufa masa asiri. Na gaya wa maza likita ya hana shi kava, abin shan nan nasu na saiwa, don kada ya je nakamal, dandalin taronsu, da yamma. In na hango baƙo yana hawowa, sai in ɗauki tsintsiya in tsaya bayan kujerarsa ina share inda na riga na share, in raɗa masa sunan mutumin da na ubansa kafin ya iso. Shi kuma sai ya tare shi da fara'a kamar da. Tsakar gidanka ba ta taɓa yin tsabta irin ta bana ba.

Ban gaya maka ba don na san ka. Da ka ji za ka bar aikin ka taho, ka zo ka tsaya a kansa kana yi masa tambayoyi har ya tsorata.

Yanzu ga abin da ya sa dole in faɗa. Rigimar gidan Kalran da gidan Tomaki a kan gangaren kwakwa na saman maɓuɓɓuga ta tafi kotu. Ba tsofaffin ba ne suka kai ta, 'ya'yansu ne da ke babban birni, Vila, kuma kowane ɓangare ya rubuta sunan Papa a cikin shaidunsa. Ba laifinsu ba ne. Shekara arba'in duk gardamar iyaka a tsibirin nan shi ake kira, ya tsaya ya lissafo daga dutse zuwa itace, daga kaka zuwa jika, in ya rufe baki magana ta ƙare. An ce za a aiko masa da sammaci kafin Ista.

Shekaranjiya na gwada shi. Na zauna kusa da shi ina kankare rogo, na ce, "Papa, iyakar gangaren nan daga ina ta fara?" Ya gyara zama, muryarsa ta dawo irin ta da, ya kawo dutse na farko da na biyu da sunan wanda ya kafa su. Har na fara murna. Sai ya tsaya, ya dube ni, ya ce ko an kai wa mahaifiyarsa abinci.

Baban Leiwia, ka yi tunanin wannan a Vila, a ɗaki cike da mutane, lauyoyi suna juya shi, yaran da ya yi wa suna suna toshe baki. Sannan duk iyakar da ya raba a 'yan shekarun nan a fara cewa ko da ma ba cikin hayyacinsa ya raba ba. Mutumin nan shi ya karɓe ni a gidan nan, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ba zan bari a yi masa dariya ba. Yadda zan yi ban sani ba tukuna.

Ka kula da bayanka, ka daina nuna wa yara ƙarfi.

Matarka,
Leisavi

Nguna,
17 ga Afrilu, 1989

Baban Leiwia,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya kuma ka yi Ista cikin farin ciki. Mu ma lafiya. Ban ga amsarka ba har yanzu, ko jirgi ne ya yi jinkiri ko kai ne. Ka zauna kafin ka ci gaba da karatu.

Ranar Talata ta satin Ista ina shanya tabarmi sai na hango kwalekwale mai inji yana tahowa daga Emua, mashigin nan na tsallaken ruwa, da mutum ɗaya a ciki mai riga da aljihu biyu da jakar takardu a cinya. Ba wanda ke zuwa Nguna da jaka a cinya sai in da magana. Kafin ya sauka ya hawo tudu ina da kamar rabin sa'a.

Na zagaya bayan ɗakin Papa, inda itacensa na namele yake, mai ganye irin na dabino. Na sare ganye biyu. Na kai su wurin itacen nan da hanya ta rabu zuwa gidanmu, na kafa sanda, na gicciya su, na ɗaure. E, ni, mace, da hannuna. Na san abin da kake faɗa yanzu, ni ma na faɗa wa kaina. Na san mai sarauta irin Papa kaɗai ke kafa namele ya rufe hanya. Amma ganyen bai ƙone ni ba.

Mutumin ya hawo yana haki. Masinjan kotu ne, sunansa Edwin Tabi, ɗan tsibirin Pentecost, zai kai shekarunka. Da ya ga ganyen sai ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a sama, ya mayar da ita baya. Ka san su, namele a wurinsu ya fi ma wurinmu nauyi. Ya cire hula ya ce, "Mama, nan ne gidan Kalmasei?"

Na ce nan ne, gidan Papa ke nan.

Ya ce, "Wa ya rufe hanya?"

Na ce, "Mai gidan. Yana keɓe, ba ya ganin baƙi."

Ya ce takarda ce daga kotu, kuma doka ta ce sai a hannun mai suna za a sa ta. Na ce ya ba ni in kai masa. Ya ce ba a yi. Na ce to ya wuce ya kai da kansa, ga hanya nan. Ya dubi ganyen ya dube ni, ya ce, "Mama, ina da 'ya'ya huɗu, ina so in ga aurensu."

Ya nemi gindin itace a can ɓangarensa ya zauna, wai ko mai gidan zai fito. Rana ta take. Na ga mutum tun safe bai ci komai ba, kuma baƙo ne a ƙofata ko da kuwa ni na rufe ƙofar. Na ɗauko laplap, tuwon ayabar nan da muke gasawa a ƙunshin ganye, na bi ta bayan garken aladu na zagayo na kawo masa. Yana ci ya ce, "Ashe akwai wata hanyar."

Na ce, "Akwai. Ta aladu ce."

Ya tauna, sannan ya ce, "Gwamnati ba ta shiga gidan mutum ta hanyar aladu." Ya wanke hannu ya koma.

Sau uku ya zo. Kullum ganye ya bushe in sare sabo. Zuwa na biyu ya kawo mini gishiri da sabulu, wai kada a ce yana cin abincin mutane a banza. Abin da ya ba ni mamaki, duk ƙauyen nan ba wanda ya ce uffan. Mata masu zuwa aron makankarar rogo suka koma bin hanyar aladu suna tattare riga. Mai gari ya wuce ta wurin sau biyu, ya kalli sama kamar yana duba hadari. Ni dai na ɗauka sun yarda Papa ne ya kafa.

Jiya ne zuwansa na uku. Bayan ya ci, bai tashi ba. Ya ce, "Mama, zan gaya miki wani abu, kada ki ji haushi. Babana mai sarauta ne, tun ina yaro nake ganin ana ɗaure namele. Ba a taɓa ɗaure shi haka ba. Wannan ƙullin na ƙunshin laplap ne."

Na duba. Wallahi haka ne. Zagaye biyu da soke baki ta ƙasa, yadda uwata ta koya mini don kada ruwan kwakwa ya zube. Hannu ya yi abin da ya saba, ni ban ma lura ba.

Na ce, "To tun da ka gane, me ya hana ka wucewa?"

Ya ce tun ranar farko ya gane. Amma ganye ganye ne, ko wa ya ɗaure shi ba zai tsallake ba. Sai dai alƙali ya tambaye shi dalilin da takarda ta dawo sau biyu, kuma gobe zai rubuta rahoto bisa rantsuwa. Ya ce, "Ba zan yi ƙarya ba, Mama. Na zo in faɗa miki ne don kada ki ji a bakin wani." Bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban ba shi ba.

Ban ji haushinsa ba. Tsoro dai ina ji, ba zan ɓoye maka ba. Papa kuwa yana ɗaki yana cin gwanda, bai san an yi ba.

Ka rubuto, ko da faɗa ne.

Taka,
Leisavi

Nguna,
12 ga Mayu, 1989

Baban Leiwia,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta iso, na gode da yadin, launin ya yi. Na ce ka rubuto ko da faɗa ne, ban ce ka cika shafi huɗu ba.

Ka ce na zubar da mutuncin gidanku. Ka ce mahaifinka da ke lissafo kakanni goma sha huɗu ba zai manta gonarsa ba, gajiya ce kawai, ni ce na cika zuzuta abu. Kai kana can kana tuna mutumin da ka bari a bakin ruwa yana ɗaga maka hannu. Ni ce nake nemo shi a hanyar maɓuɓɓuga da takalmi ɗaya a ƙafa. Ban ga laifinka ba, uba ne, da wuya. Amma kada ka sake ce mini ina zuzutawa.

Shawarar da ka bayar kuma, wai in ce Papa ne ya sa ni, tun da shi yana da ikon kafa namele, ba za ta yiwu ba. Bari ka ji dalili.

Nawa sammacin ya zo. A Emua Tabi ya same ni ina sauke buhun rogo, ya miƙo mini takarda kansa a sunkuye. Na goge hannu a riga na karɓa da hannu biyu, na ce, "Ka ga wannan karon ban sa ganye ba." Bai yi dariya ba, bawan Allah. Ana tuhumata da hana ma'aikacin kotu isar da sammaci. Ashe laifi ne mai zaman kansa, har ana ɗaure mutum a kansa, ko da ba ka taɓa jikin masinja ba.

Na je Vila na ga lauyar da ke tsaya wa marasa hali, wata yarinya 'yar tsibirin Malekula mai saurin magana. Ita kaɗai na gaya wa gaskiya, bayan ta tabbatar mini ba za ta fita daga bakinta ba. Ta ce in na ce Papa ne ya sa ni, shi za a kawo ya tsaya a inda zan tsaya. Ka ga shawararka ke nan. Ta ce mafi sauƙi a kai shi likita ya rubuta takarda, alƙali ya gani, a yafe masa shaida, ni ma a sassauta mini. Na ce takardar a ina za a karanta ta? Ta ce a kotu. Na ce a gaban wa? Ta ce duk wanda ya zo. To 'ya'yan Kalran da na Tomaki za su zo, kuma kafin kwalekwalen yamma ya iso Nguna labari ya riga shi.

Na ce mata zan amsa laifi, kuma ba zan faɗi dalili ba. Ta ajiye biro ta ce, "Mama, kin fi son kurkuku?" Na ce ba na so, amma an ce ana ba da shinkafa a can, kuma wani ne ke dafawa.

Ranar biyu ga Yuni ne. Ƙanwata za ta zo ta zauna da Papa, na ce mata zazzaɓi ne ke sa shi sambatu. In ba ka ji daga gare ni ba, ka san inda nake. Kada ka gaya wa Leiwia sai ta gama jarrabawa.

Ina fushi da kai, amma ina kewarka.

Matarka,
Leisavi

Vila,
2 ga Yuni, 1989

Baban Leiwia,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya. Ka kwantar da hankalinka, daga kan benci a kasuwa nake rubuto maka, ba daga kurkuku ba. Ina jiran motar Emua.

Ɗakin kotun bai kai cocinmu girma ba, na yi zaton ya fi haka. 'Ya'yan gidajen biyu sun zo kamar yadda na ce, sun zauna nesa da juna suna kallona. Tabi ya ba da shaida. Ya faɗi komai yadda ya faru, ranaku uku, ganye, har da ƙullin, aka ɗan yi dariya a baya. Da ya gama ya ƙara da cewa, "Ranka ya daɗe, ba ta zage ni ba, ba ta taɓa ni ba, kuma duk zuwa sai ta ciyar da ni." Alƙali ya ce ba a tambaye shi wannan ba. Ya ce ya sani.

Aka karanta mini tuhuma, na ce na aikata. Alƙalin dattijo ne mai gilashi, ba mugu ba ne. Ya ce wa ya sa ni. Na ce ba kowa. Ya ce mai gidan ya san da ganyen? Na ce bai sani ba, kuma wannan ita ce gaskiya mafi tsabta da na faɗa a ranar. Sai ya ce, "Me ya sa?" Na yi shiru. Ya sake tambaya. Lauyata tana taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur har yatsana ya yi zafi. Karo na uku ya cire gilashin ya ce, "Baiwar Allah, in kina da dalili ki faɗa, zai taimake ki." Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni da abin faɗa."

Ya yi mini bayani a hankali. Ya ce sammaci ba wulaƙanci ba ne, hanya ce ta kiran mutum ya zo ya faɗi abin da ya sani. In kowa ya tare masinja a ƙofarsa, wanda aka zalunta ba shi da inda zai kai kuka. Na ji maganarsa, kuma gaskiya ce. Da gangaren namu ne da ni ma haka zan ce.

Ya yanke mini wata shida, amma ɗaurin je-ka-gyara-halinka ne, ba zan shiga ba sai in na sake wani laifin cikin shekara biyu. An rubuta sunana a littafinsu. Na sha kuka a bayan ginin, ba don hukuncin ba, don dai ubana ya mutu sunansa bai taɓa shiga irin wannan littafi ba.

Ga abin da ya fi damuna. Ya ba ni kwana bakwai in cire ganyen, kuma za a sake aiko wa Papa da sammaci. In na sake tarewa, wata shidan nan sun hau kaina. Ka ga ke nan duk wahalar nan wata biyu kawai na saya masa.

Motar ta zo. Mai gari ya aiko cewa ni ma akwai zama a kaina a nakamal, kan maganar mace da namele. Ban gama biyan gwamnati ba ga na gida.

Taka,
Leisavi

Nguna,
25 ga Yuni, 1989

Zuwa ga maigidana,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan Ubangiji yana kiyaye ka. Na ga takardarka ta biyu. Gajeriya ce, amma na fi son ta. Na yafe, kada ka ƙara tayar da maganar.

An yi zaman ranar Asabar da hantsi. Duk ƙauye ya fito, har da tsoho Kalran da tsoho Tomaki, waɗanda shekara uku ke nan ba su zauna inuwa ɗaya ba. Aka sa ni a tsakiya a kan tabarma. Na shirya wa tambayar nan ta alƙali, na ƙudura zan sake yin shiru ko da za a kore ni daga tsibirin.

Mai gari ya yi magana mai tsawo kan girman namele. Ya ce abin da na yi ba a taɓa yi ba. Ya ci ni tarar alade da tabarmi, don haka uwar nan mai baƙin kunne ta tafi, ka yi haƙuri. Ya ce shekara guda ba zan shugabanci matan coci ba. Na sunkuyar da kai ina jira. Bai tambaye ni dalili ba. Na jira wani ya tashi ya tambaya, ka san mutanenmu da son bin diddigi, ko kaza ce ta ɓata sai an yini. Ba wanda ya tambaya.

Sai mai gari ya yi gyaran murya ya ce akwai saura. Wai bisa al'ada, gidan da aka ɓata namele a ƙofarsa, mai gidan ba ya sake buɗe baki kan maganar ƙasa, a nakamal ko a gaban gwamnati, sai an yi bikin wanke gidan. Wani ya ce yaushe za a yi bikin? Ya ce shi zai sa rana, kuma bai ga ranar ba tukuna. Baban Leiwia, shekarata arba'in da uku a tsibirin nan ban taɓa jin wannan al'ada ba, kuma na tabbata shi ma a bakinsa ya fara jin ta.

Tsoho Kalran ya tashi ya ce lalle haka al'ada take, ya ji ta wurin kakansa. Tsoho Tomaki ya ce shi ma ya ji, abu na farko da suka yarda a kai ke nan cikin shekara uku. Kowannensu ya ce zai aika wa 'ya'yansa a Vila su cire sunan Papa daga cikin shaidu, su nemi wasu. An riga an cire. Tabi ya aiko da saƙo ta mai kwalekwale cewa ba sauran takarda, wai yana kewar laplap.

Da aka watse ina naɗe tabarma, Kalran ya zo wucewa da sandarsa. Bai dube ni ba, ya ce, "Bara surukinki ya tare ni a hanya yana tambayar lafiyar uwata. Shekararta ashirin a ƙasa. Na ce masa tana lafiya, tana gaishe shi." Ya yi gaba, sannan ya waiwayo ya ce, "Kuma ki rage sharar nan, 'yata, kin kusa cinye tsakar gidan."

Ashe duk sun sani, wasu ma sun riga ni. Yaran Vila ne kaɗai ba su sani ba, kuma tsofaffin sun rasa yadda za su ce a cire sunansa ba tare da sun faɗi dalili ba. Na ɗauki tabarmata na nufi gida. Kunya nake ji ko godiya, har yanzu ban rarrabe ba.

To asirin Papa ya rufu, ba wanda zai tsayar da shi a gaban jama'a. Amma ciwon bai san da wani zaman nakamal ba. Jiya da rana na kai masa abinci, ya ci sosai, ya bi ni da kallo ina kwashe kwanuka. Ya ce, "Yarinya, 'yar gidan wa ce ke?" Na faɗa masa sunan ubana. Ya ce ya san shi, mutumin kirki ne. Sai ya ce, "Kina da miji?"

Na ce me ya gani.

Ya ce, "Na ga kina da hankali ne. Ina da ɗa, Kalfau. Akwai taurin kai, amma ba ya ƙyuya, kuma ba zai dake ki ba. In ya dawo zan yi masa magana."

Na ce na amince.

Ni ya manta ni, ba komai, ina nan kusa, gobe ma zan sake faɗa masa sunan ubana. Amma kai har yanzu yana riƙe da kai. Ka bar simintin nan ka shigo jirgin farko, tun sunanka yana bakinsa.

Matarka, wadda aka ba ka sau biyu,
Leisavi